A riƙa kai yara su ga tarihin Katsina da Daura da idonsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga iyaye da malaman makarantun jihar Katsina, saboda yadda muke barin hutun ƙarshen mako yana wucewa ba tare da 'ya'yanmu sun taka wuraren tarihin da ke kusa da mu ba. A Amurka akwai iyalan da ke hayar wata babbar mota mai gadaje da wurin girki, su kwana a cikinta suna zagaya gidajen tarihi. Mu kam ba mu buƙatar wannan, domin tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, kuma bas ɗin haya guda da kular abinci da tabarmi sun ishi gida biyu ko uku idan aka yi karo-karo.

Haka muka yi da maƙwabtana kwanan baya. Ranar Asabar da hantsi muka fara da gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 aka kuma buɗe ta a 1922. A nan ne Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma yaran da suka tashi a gidan bulo da kwano sun yi ta shafa shi suna tambayar yadda aka yi ɗaki ya yi sanyi babu fanka. Wannan tambaya kaɗai, a ganina, ta biya kuɗin mota.

Daga nan muka wuce Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, wadda masana ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ragowar babban masallaci ce da ya kasance cibiyar karatu a lokacin da ɗalibai ke zuwa Katsina daga ƙasashe masu nisa. Bayan la'asar muka kai yara wurin shaƙatawa suka yi lilo, manya suka shimfiɗa tabarmi a inuwa.

Ranar Lahadi da sassafe muka kama hanyar Daura, don mu je mu dawo da rana tsaka. Rijiyar Kusugu tana cikin gini yanzu, kuma da aka zura guga aka ɗebo ruwa, kowane yaro sai da ya sha. A bakinta aka ba su labarin macijin nan mai suna Sarki da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda da ya sare kansa, da Sarauniya Daurama, da asalin Hausa Bakwai. Malaman tarihi suna da saɓani a kan abin da ya tabbata a cikin labarin, kuma ya dace yaro ya ji wannan ma, amma ya ji shi bayan ya leƙa rijiyar da kansa.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masarautun biyu shi ne a tabbatar waɗannan wurare suna buɗe Asabar da Lahadi, a kafa allunan bayani da Hausa, boko da ajami, a kuma tanadi rumfa da ban ɗaki da wurin alwala, domin mai tafiya da mata da ƙananan yara su yake fara tambaya. Su kuma shugabannin makarantu su sa irin wannan ziyara cikin tsarin kowane zangon karatu, har da kaburburan sarakunan farko na Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani.

Naka,
Wani malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura, Katsina.