Zuwa ga Baba, a kan maganar dukanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da dukan mutanen gida a Tawa. Ni ma ina nan lafiya a Liyon ta ƙasar Faransa, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Baba, Yaya ya shaida mini cewa ranku bai yi daɗi ba da kuka ji na shiga ajin koyon aikin fata, har kuka ce dukanci ba gadonmu ba ne, kuma ba don riƙon basilla aka sayar da bijimi aka yi mini guzuri ba. Maganarku tana da nauyi a gare ni, shi ya sa na zauna na rubuto, domin a waya kunya ba za ta bar ni in yi muku bayani yadda ya kamata ba.

Aikina na rana yana nan, kuma abin da nake aikowa ƙarshen wata ba zai ragu ba. Ajin na maraice ne, wata ƙungiyar unguwa ce ta buɗe shi domin manya, kuma a cikinmu akwai direban bas, akwai dattijuwar da ta ajiye aikin asibiti. A nan babu mai tambayar sana'ar kakan mutum kafin a miƙa masa wuƙa. Abin da aka fi tsananta mana a kai shi ne ɗinkin hannu: zare guda mai kakin zuma, allura a kowane bakinsa, ana ratsa su ta huda ɗaya, ta yadda ko zaren ya tsinke a wani wuri sauran ɗinkin ba zai warware ba, saɓanin na keke.

Wata rana malamarmu ta ajiye mana fata iri biyu, ɗaya an jeme ta da sinadarin kurom a masana'anta, ɗaya kuma da ɓawon itace, ta ce ta biyun ta fi tsada, ita ce kuma masu son aikin hannu suke nema. Baba, wannan ai shi ne abin da majemanmu suke yi da bagaruwa tun kaka da kakanni, ga kuma jar akuyar Maradi wadda fatarta ta yi suna wajen laushi da ƙarko. Na ga ƙaramar jakar kuɗi ta ɗinkin hannu a kan yuro 50, kuma tun da yuro guda sefa 656 ne, ta haura jika 32 ke nan. Ku kwatanta da abin da ake ba mu a fatar akuya ranar kasuwa.

A ganina dukawanmu sun fi na nan iya ado, kuma jan karan dafi ya fi duk rinin da na gani a nan kyau. Inda ake barinmu a baya shi ne daidaita awo, da goge bakin fata, da kawar da warin jima, kuma waɗannan ne nake koyo. Idan Allah ya nufa zan nemi takardar shaidar sana'a da suke kira CAP, in dawo in haɗa hannu da dukawan Tawa da masu shaguna a Wadata, cibiyar masu sana'ar hannu ta Yamai, su da gwanintarsu, ni da sanin abin da mai saye na nan yake dubawa.

Ina roƙon ku sa Kawu ya samo mini jemammiyar fatar akuya guda biyu, ja da baƙa, ya ba mai zuwa Faransa, amma ban da ɗanya, domin ba za a bar ta ta shigo ba. Kafin fatar kuma, amincewarku da albarkarku nake jira.

A gaida Inna, a ce mata jakar da na fara ɗinkawa tata ce. A gaida Auta da ƴan uwa baki ɗaya.

Ɗanku mai biyayya.