Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da teburin "1620"

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa. Na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda sau biyu ina aiko saƙo, sau ɗaya ina bugo waya, amsar ba ta wuce "maigidan ba ya nan" ba.

Makonni uku da suka wuce na sayi dogon teburin cin abinci na katakon oak a shagonku, a kan fam 6,400. A rasit kun rubuta cewa an ƙera shi a Ingila wajajen 1620, zamanin Sarki James na Ɗaya, kuma samansa da ƙafafunsa duk na asali ne. Wannan kalma ta "asali" ita na biya wa kuɗi. Mahaifina kafinta ne, Allah Ya jiƙansa, a cikin ƙurar zarto na tashi, kuma na daɗe ina tara kuɗi don in mallaki aikin hannun wani kafinta na shekaru ɗari huɗu da suka wuce.

Ranar da aka kawo shi, masu dako sun kifa shi don ya shiga ƙofa. A nan na fara ganin cikinsa. A ƙasan allunan saman akwai sawun zarto mai lanƙwasa, layi bayan layi kamar bakan gizo. Wannan sawun zarton inji ne mai juyawa, wanda bai yaɗu a Ingila ba sai ƙarni na 19. Kafintan 1620 tsaga itace yake yi, ko kuma mutum biyu su ja dogon zarto, ɗaya a sama ɗaya cikin rami, sawun ya fito miƙaƙƙe amma ba daidai wa daida ba. Na sa yatsa na bi layin nan, jikina ya yi sanyi.

Sai na kira wani mai gyaran tsofaffin kayan katako, ya yini da tocila a hannu. Ya nuna mini ƙusoshin katakon da ke riƙe gaɓoɓin: a tsohon aiki da wuƙa ake fere su, ba sa zama zagayayyu sumul, kuma da shekaru suka ja katakon ya tsuke sai kawunansu su ɗan ɓullo waje. Na teburinku zagayayyu ne kamar fensir, a shafe da jikin katakon. Ya nuna mini hanyoyin ƙwaron da ke cin katako, kwance a fili a gefen allo. Ƙwaron nan ta ciki yake bi, ƙaramin rami kawai yake bari inda ya fita. In aka ga hanyarsa a buɗe, an yanka katakon ne bayan ya riga ya ci. Sandunan ƙasa da ke haɗa ƙafafun teburin kuwa, inda ƙafafun masu cin abinci ya kamata su side tsakiya, an goge su daidai tun daga wannan kusurwa har waccan, har wurin da ƙafa ba ta kaiwa.

Hukuncinsa: ƙafafu biyu tsofaffi ne na gaske, mai yiwuwa daga jikin wani gado aka ciro su. Sauran haɗi ne na zamanin Sarauniya Victoria a ƙarni na 19, lokacin da aka yi ta son tsofaffin kaya, har shagunan titin Wardour a Landan suka yi suna wajen harhaɗa guntayen tsofaffin akwatuna da allunan bango, a shafe su da baƙin rini a sayar.

Ban ce tsohon tebur ba ya shan gyara ba. Ƙasan ƙafafu kan ruɓe a kan daɓe mai danshi, a yanke a ƙara sabo, kowa ya san haka. Teburin 1880 ma yana da darajarsa da kuɗinsa. Da kun rubuta abin da yake, da na san abin da nake saya. Shekara da shekaru kuna wannan sana'a, ba zan yarda cewa ba wanda ya taɓa leƙa ƙasansa ba.

Dokar kare haƙƙin mai saye ta Birtaniya ta 2015 ta ce dole kaya su dace da yadda aka bayyana su, kuma mai saye na da kwana 30 ya mayar da su a ba shi kuɗinsa. Kwanakina ba su cika ba, kuma da wannan wasiƙa na mayar muku. Ku turo mota ku ɗauki teburinku, ku biya ni fam 6,400 da kuɗin dakon da na kashe. In kun sake ajiye shi a shago, ku canza takardar da ke jikinsa. Rahoton mai gyaran da hotuna suna hannuna. In kwana 14 suka wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai su ofishin kula da ƙa'idojin ciniki, daga nan kuma kotu.

Naku,
Mai saye daga Manchesta