Yawan kamfanonin waya ba shi ne sauƙi ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yi cewa wai da zarar kamfanonin waya sun yi yawa shikenan mai kira ya huta. Ni dai ban gamsu ba gaskiya.

A duba Amurka mana. Shekara da shekaru kamfanin waya na AT&T ke cin karensa babu babbaka, sai a 1984 aka farfasa shi aka raba harkar kiran cikin gari ga kamfanoni bakwai, amma fa kowanne da yankinsa ba mai shiga gonar wani, kenan mai wayar gida bai samu wani zaɓi ba, ubangida kawai aka canza masa. Sai a 1996 shugaban ƙasar na lokacin, Bill Clinton, ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa tsofaffin su ba sababbin kamfanoni hayar layukansu. Sababbi suka yi ta ɓullowa, amma ta yaya za ka yi gasa da wanda kake haya a gidansa? Da yawansu sun durƙushe, manyan kuma suka koma haɗiye juna, har SBC, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, ya saye AT&T ɗin kansa a 2005 ya ɗauki sunan. Abin dariya wallahi.

Abin da ya karya farashi da gaske wayar hannu ce da kira ta intanet, sai kuma damar da aka ba mutum ya bar kamfani ya tafi da lambarsa. Wannan ta ƙarshen mutane na raina ta, alhali ɗan kasuwan da kwastomominsa suka haddace lambarsa ko ana yankarsa ba zai motsa ba in har sauya kamfani na nufin rasa lambar.

Sannan gasar ma a birni take zafi, inda kuɗi yake. Na ƙauye in ya samu kamfani ɗaya mai sabis sai ya gode Allah, garabasar da ake ta talla a rediyo ko ƙamshinta ba ya ji.

Shi ya sa nake roƙon wakilanku, in za su kawo labarin sabon kamfani ya shigo, su tambayo mana layin wa zai yi amfani da shi, kuma nawa mutum zai biya bayan watan garabasa ya wuce.

Naku,
Mai karatu a kullum