Godiya Ga Ofishin NSITF Na Kano Kan Biyan Diyyar Rauni Cikin Lokaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Hukumar NSITF (mai biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki) reshen Kano, ranku ya daɗe.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole. Ni ma'aikacin wata masana'antar roba ne a Sharaɗa. Bara inji ya kama mini hannun dama, na rasa yatsu biyu. Wanda bai taɓa jinya da iyali a wuyansa ba, ba zai san ciwon jinkirin diyya ba. Aiki ya tsaya, magani bai tsaya ba, mai shagon unguwa ya fara ɗaure fuska in ya hango yaronka da kwano.

Masu zuwa dubiya sun ce in shirya shekara ina sintiri. Wallahi ba a kai ga haka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman farko. Jami'ar da ta karɓi ƙanina, don ni ina kwance a Asibitin Ƙashi na Dala, ta zaunar da shi ta warware masa wa'adin da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta gindaya: ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, kamfani ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7, takardar neman diyya kuma ta shiga kafin shekara ta cika. Sannan ta rubuta masa abin da zai kawo a lokaci guda, rahoton likita, rasitan magani da shaidar albashi. Ba a ce je ka dawo gobe ba. A ganina nan ne fayil yake mutuwa a ofisoshi da yawa, takarda ɗaya ta ɓace, babu mai gaya wa mai ita. Ku kuwa da aka ga babu hatimin likita a shafi ɗaya, kiran waya aka yi mini. Babu kuma wanda ya nemi na goro, ko da wasa.

Ban gama zuwa gashin hannu ba alat ya shigo.

Ina da roƙo. Wannan tsari ya dogara ne da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata da kamfani ke zubawa daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Da yawa daga abokan aikinmu a Bompai da Challawa ba su ma san ko an yi musu rajista ba, sai ranar da tsautsayi ya faɗa. Don Allah ku riƙa shiga masana'antu, ku kuma yi bayanin nan da Hausa a gidajen rediyo.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Wani ma'aikaci daga Sharaɗa, Kano