Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Nawa Aka Biya Ni

Assalamu alaikum, Malam.

A gaban jama'a ka tambaye ni me ya haɗa Musulmi da hoton limamin cocin Faransa, kuma nawa aka ba ni na rataya shi a ajin kuramen da nake koyarwa. Maganar hukuncin hoto na bar wa masana. Ta kuɗin ce ta hana ni barci, domin iyayen ɗalibaina sun ji ta, kuma ka san sun ji.

Ko sisi ba a ba ni ba. Kwafe ne na tsohon zane, irin wanda ake sassaƙawa da tsinken ƙarfe a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda a kai. Da haka ake adana fuskokin mutane kafin kyamara. Mai fuskar shi ne Charles-Michel de l'Épée, haifaffen Versailles a 1712. Wajen 1760 ya gamu da wasu 'yan mata biyu, 'yan uwan juna, kurame, suna hira da hannu. Maimakon ya tilasta musu magana da baki, sai ya zauna ya koyi tasu. Ya mai da gidansa na Paris makaranta kyauta, yana ciyar da yaran talakawa daga dukiyar da ya gada, har ya rasu a 1789. Ka ce Turawan da suka mallake mu ne. Sojojin Faransa ba su ci Damagaram da yaƙi ba sai 1899, shekara 110 bayan mutuwarsa. Ba na wanke mulkin mallaka, amma ba zan ɗora masa laifin da bai gani ba.

Daga makarantar nan wani malami kurma, Laurent Clerc, ya fito, ya je Amurka, aka buɗe makarantar kurame ta Hartford a 1817. Daga Amurka kuma Andrew Foster, baƙar fata kurma, ya kawo wannan koyarwa Gana a 1957, sannan Najeriya. Alamomin da ake koyarwa a makarantunmu yau suna da jijiya a can. Shi ya sa nake nuna wa yaran nan fuskarsa.

Malam, shekarunka nawa kana wa'azi a garin nan? Ban taɓa ganin ka sa mai fassara da hannu a gefen mumbarinka ba. Kuramenmu suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, amma yaro ya kai shekara goma sha biyu bai san Fatiha ba, don babu mai koya masa, sai a miƙa masa kwanon bara. Wannan bai taɓa tayar maka da hankali ba, sai takarda ɗaya a bango, ana gab da zaɓen kwamitin makaranta da kowa ya san kana nema.

Ajina a buɗe yake daga Litinin zuwa Juma'a. Ka zo da allo, ni zan fassara musu.

Wassalam.