Kada ranar gasa ta zama ranar farko a buɗaɗɗen ruwa

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu shirin shiga gasar tirayatalon a karon farko, wato gasar da ake haɗa ninkaya da tseren keke da gudu a jere ba tare da hutu ba. Tun da aka shigar da ita wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000 take ƙara samun masoya, sai dai na lura da yawa daga cikin sababbin shiga suna ba keke da gudu watanni, ninkaya kuwa su taƙaita ta ga kwamin ninkaya, suna ganin wanda ya iya ruwa a nan ya iya shi ko'ina.

Ni ma haka na ɗauka. A kwami ina cinye mita 1,500, tsawon ninkayar Olamfik, ba tare da na tsaya ba, don haka mita 750 na gajeriyar gasa ba su dame ni ba. Ranar da na fara shiga tafki, saura makonni shida a yi gasar, sanyi ya daki ƙirjina, numfashina ya sarƙe, na tsoma fuska na duba ƙasa ban ga ko yatsun hannuna ba. Babu baƙin layin nan na ƙasan kwami da na saba bi, babu bangon da zan dafa. Ban kai mita 100 ba na juya rigingine ina haki, zuciyata tana dukan uku-uku. Da a ranar gasa wannan ya same ni, cikin mutane ɗari, ban san yadda za ta ƙare ba.

Abin da ya faru da ni sananne ne. Idan ruwan sanyi ya taɓa fata farat ɗaya, jiki kan zuƙi iska ba da son mutum ba, numfashi da bugun zuciya su yi sauri, sannan su lafa bayan minti ɗaya zuwa uku. Wanda ya san haka zai shiga a hankali, ya jiƙa wuya da fuska, ya riƙa fesar da iska a cikin ruwa har jikinsa ya natsu kafin ya fara ninkaya. Wanda bai sani ba sai ya firgita, firgicin kuma ya ƙara tsananta hakin. Wani bincike da aka yi a Amurka kan gasannin shekarun 1985 zuwa 2016 ya nuna mafi yawan mace-macen da aka samu a ɓangaren ninkaya suka auku, kuma ciwon zuciya da ba a san da shi ba yana cikin manyan dalilai. Saboda haka ganin likita kafin a fara atisaye wajibi ne, musamman ga wanda shekaru suka fara ja.

Sai batun hanya. A buɗaɗɗen ruwa kusan kowa karkacewa yake yi bai sani ba, shi ya sa ake koyon ɗago idanu kaɗan sama da ruwa, kamar kada, bayan kowane bugu shida zuwa goma, a hango babban balan-balan ɗin da aka kafa alama. Ni na fi son in zaɓi doguwar bishiya ko gini a bayan alamar, domin igiyar ruwa da kawunan mutane sukan tare ta. A kuma saba da shaƙar iska ta dama da hagu, saboda ba a san ta inda rana ko igiyar ruwa za su ɓullo ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rigar roba mai riƙe ɗumi tana taimaka wa jiki ya taso sama, amma tana matse ƙirji, tana goge wuya, don haka a gwada ta sau da yawa tukuna. A san kuma cewa dokar hukumar tirayatalon ta duniya, World Triathlon, ta hana yawancin masu gasa sa ta a gajeren zango idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22 a ma'aunin Selsiyos, ke nan dole a iya ninkaya da ita da kuma babu ita. Idan an busa usur, sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe, ya bar cunkoson masu shuri da gwiwar hannu ya wuce. Doka ta yarda mutum ya riƙe kwalekwalen masu ceto ya huta, muddin bai yi amfani da shi ya matsa gaba ba, kuma babu abin kunya a ciki.

Kada kowa ya yi atisaye shi kaɗai, kada kuma a shiga kogi bayan ruwan sama mai ƙarfi. A Olamfik ɗin Faris na 2024 ma sai da aka ɗage gasar maza da kwana ɗaya saboda gurɓacewar kogin Sen.

Roƙona ga masu shirya gasa shi ne su keɓe rana kafin gasar a kai sababbin shiga ainihin ruwan da za su shiga, da masu ceto a kusa, sannan ranar gasar a ba su ko da minti goma su jiƙa jiki kafin a busa usur.

Naku,
Wani mai karatu