Zuwa ga Sagir, kafin ka hau keken nan

Unguwar Rimi, Kaduna

Aminina Sagir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Istanbul? Mu nan hazo ya sauka, kowa leɓe a tsage.

Na ga hoton keken da ka saya, na kuma saurari saƙonka har sau uku. Wato da gaske kake, kai kaɗai za ka taka shi har Tajikistan, ka hau hanyar tsaunukan Pamir. Na san ka tun muna hayar keke a Tudun Wada, in ka ƙudura abu ba ka jin kira, don haka ba zan ɓata yawuna wajen hana ka ba. Amma ka saurare ni.

Ka san abin da ya faru a yankin Danghara na ƙasar a watan Yulin 2018. Masu yawon keke bakwai ne, aka bi su da mota aka banke su, huɗu suka rasu: Amurkawa biyu, ɗan Suwizalan da ɗan Holan, ƙungiyar IS ta ce ita ta yi. Su bakwai fa, yawansu bai hana ba. Sai dai ni ba irin wannan ne ya fi hana ni barci ba, abu ne da ba kullum yake faruwa ba. Abin da nake tsoro shi ne direban tirela mai gyangyaɗi, ko zazzaɓi ya kama ka a tanti ba wanda ya san inda kake. Mashigar tsauni ta Ak-Baital da ke kan hanyar Pamir tsayinta mita 4,655 ne, numfashi ma sai an yi da gaske, kai kuma Kufena ce dutse mafi tsawo da na san ka taɓa hawa.

Bari in ba ka labari. Shekarun baya wani Bature ya tsaya wurin mai faci a Kawo, kekensa jibge da jakunkuna, yana nuna mana taswirar wayarsa wai ta Birnin Gwari zai bi, ta fi kusa. Mai facin ko karatun boko bai yi ba, ya girgiza kai ya ce in faɗa masa wayar ba ta san wanda ke cikin dajin ba. Da ƙyar muka shawo kansa ya ɗora keken a kan mota ya sauya hanya. To kai ma haka za ka zama a can, baƙo mai ido amma makaho. Duk garin da ka kwana, ka tambayi mai shayi da direbobin tasha labarin gaba, in mutum biyu suka ce kar ka bi, kar ka bi. Hawa mota na kwana ɗaya ba zai rage maka ladan tafiyar ba.

Sai maganar fasfo. Turawan da kake kallon bidiyonsu ba koren fasfo suke riƙe da shi ba. Ka tuna Mamadou Safayou Barry, ɗan Gini da ya nufi Azhar a kan keke a 2023? Sau uku aka tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, ba don ya yi laifi ba. Ka gama da kowace biza tun kana Istanbul, har da takardar izinin shiga yankin Badakhshan da hanyar Pamir ta ratsa, wadda daban take da biza. Ka ajiye kwafi a jaka daban.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kullum da magariba ka turo min sunan garin da ka sauka da wanda za ka nufa gobe, ni kaɗai, kar ka sa a Facebook sai ka bar wurin. Kar ka yi tafiyar dare. Hular kwanon nan da kake cewa tana sa ka gumi, ka daure da ita.

Hajiya ta tambaye ni ko kana zuwa hutu bana, na ce mata sai na ji daga gare ka. Ni ba zan faɗa mata zancen keke ba, kai za ka kira ta da bakinka, kuma kafin ka tashi, ba daga kan dutse ba.

Ka gaida Malam Bashir. Allah Ya tsare hanya.

Naka,
Nura